Sifiri Tara

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗansa na fari, shi kuwa mutumin da ne, irin waɗanda ke jin nauyin ɗan fari har su koma ga Allah. In yana nemana sai ya ce wa ƙannena, "Ku kira mini yayanku." In kuma ba kowa a kusa, sai ya ɗaga murya daga bakin ƙofa ya ce, "Sifiri Tara!" Da wannan sunan na tashi a kwatas ɗin ma'aikatan reluwe a Zariya. Yaran makwabta sun tsokane ni da shi har suka gaji, wasu 'yan banza ma suka yanke Taran suka bar mini Sifirin tsurarsa, kuma na yi dambe a kan haka ya fi a ƙirga.

Baba direban jirgin ƙasa ne. Ranar da aka haife ni yana hanya, yana jan kaya daga kudu da wani kan jirgi mai lamba 1709, sai a tashar Kaduna aka tare shi da albishir. Tun daga ranar ya haɗa ni da injin nan. A wajensa lambar kan jirgi asali ce. Yakan zaunar da mu a tabarma ya ce lambobi biyun farko gida ne, biyun ƙarshe kuwa haihuwa. 'Yan sha bakwai gida ɗaya ne, daga Kanada aka kawo su. 'Yan sha takwas daga Amurka. 'Yan ashirin da ɗaya kuwa, da suka zo yana dab da ajiye aiki, mutanen Sin ne, kuma bai taɓa ganinsu da gashi ba. Saboda haka 1709 shi ne na tara a gidan sha bakwai. Kafin su akwai masu tururi, waɗanda ya fara aiki a kansu yana zuba kwal. Su har sunayen koguna aka raɗa musu, kuma ana gane su da ƙirga ƙafafu: biyu ƙanana a gaba, takwas manya a tsakiya, biyu a baya. Duk wannan na haddace shi ba da so ba, kamar yadda yaro ke haddace hanyar kasuwa.

Ni dai jirgi bai taɓa burge ni ba. Abin da na sani shi ne ya cinye mana uba, kwana uku a hanya, kwana ɗaya a gida yana barci, ana hana mu tari. Da na girma sai na nemi aikin da ba ya motsi. Na karanci gwajin jini, daga baya na samu aiki a wani asibiti a Dubai. Iyalina suna Kaduna, ni kaɗai nake zaune a wani ɗan gida mai ɗaki ɗaya da falo a Karama, hawa na huɗu.

A ƙarshen 2019 ƙanwata, wadda Baba ke hannunta tun rasuwar mahaifiyarmu, ta kira ni da rana tsaka ina wurin aiki. Ta ce Baba ya fita da sassafe da tsohuwar hularsa ta aiki, aka yi ta nema, sai a Loko aka same shi, wato tsohon wurin da ake kwantar da injuna, yana tambayar masu gadi wa ya canza masa ranar aiki bai sanar da shi ba. Ta ce kwana biyu kafin wannan ya kira ta da sunan mahaifiyarmu.

"Har yanzu dai yana gane mu, Yaya," ta ce, "amma wallahi ina jin tsoro."

Na nema masa bizar wata uku na kawo shi a duba shi. A filin jirgi ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai, kamar yadda ya saba tun ina yaro, ya ce, "Sifiri Tara, ka yi ƙiba." Ban san lokacin da na saki ajiyar zuciya ba. Har na fara jin haushin ƙanwata, na ce a raina ita dai akwai ta da zuzuta magana.

Likitar da ta gan shi wata dattijuwa ce 'yar Indiya, mai magana a hankali. Ni ne tafinta. Ta tambaye shi wace shekara ake ciki, ya faɗi wadda ta wuce da shekara shida. Ta ba shi kalmomi uku ya riƙe, ya riƙe ɗaya. Ta ce ya zana agogo, ya zana abin auna tururi na tukunyar inji, har da jan layin haɗari, zanen ya yi kyau kuwa. Sannan ta nuna ni da biro ta ce a tambaye shi sunan wannan. Baba ya dubi bango, ya gyara zaman babbar rigarsa, ya ce a hankali, "Sifiri Tara ne." Na ga ta sunkuya za ta rubuta wani abu, sai na yi dariya na tare ta. Na bayyana mata cewa a wajenmu uba irinsa ba ya kama sunan ɗan fari, kunya ce, kuma ita kunyar ita ce shaidar ya san ko ni wane ne. Ta ajiye biron tana kallona.

"To kai ta yaya za ka gane ranar da ya manta?" ta ce.

Na ce mata ai ba wuya, ranar da ya daina kirana da lambar nan. Na faɗa da ƙwarin gwiwa, amma tambayar ta biyo ni har gida, ta kwana da ni, ta tashi da ni. Tun daga ranar na zama mai kasa kunne. Kowace safiya ba na fita aiki sai na ji lambata a bakinsa, in bai faɗa ba sai na ƙirƙiri abin da zai sa ya kira ni, in ɓoye masa carbi ko in bar shayinsa ba sukari.

A mako na biyu na kai shi tashar metro da ke kusa da mu, don ya ga jirgin zamani ya daina cika mana baki da na Zariya. A nan ne layin ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ya hau gada. Muna tsaye a bayan ƙofofin gilashi sai ga jirgin ya ɓullo daga ramin, shuɗi, ba hayaƙi, ba kuka, ba ƙarar ƙarfe, ya zo ya tsaya daidai ƙofa kamar an auna. Na juya in ga mamaki a fuskar Baba, sai na ga ya ja da baya.

"Ina kan?" ya ce.

Na ce wane kai?

"Kan jirgin. Taragai ne zalla. Wa ke ja?"

Na ce masa ba kai, ba direba, na'ura ce ke tafiyar da shi daga wani ɗaki can nesa. Ya leƙa taragon gaba, inda direba ya kamata ya zauna, ya ga wata mata da jaka tana danna waya. Ya tambaye ni wa ya ba jirgin hanya. A zamaninsu layi ɗaya ne tak, kuma direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wani ƙarfe a cikin zobe, shaidar cewa hanyar tasa ce shi kaɗai, ba wani da ke tahowa daga gaba. Wanda ya tashi ba tare da ƙarfen nan ba ya kashe mutane ko da bai kashe su ba. Na ce a nan ba a yin haka. Ya girgiza kai ya ce, "Abin da ba shi da kai ba a shigarsa." Ran nan da ƙafa muka koma gida, kuma daga nan duk inda za mu sai dai tasi.

Amma kafin mu bar tashar idonsa ya riga ya kama wani abu a jikin taragon. Lamba ce mai alƙaluma huɗu, tana farawa da hamsin. Na ji yana maimaita ta a hanya.

A benen da nake akwai wani Alhaji mutumin Maraɗi, mai shagon sarin atamfa a Sabkha, wanda ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar. Shekara uku muna gaisawa a lifta, ban taɓa sanin yana da wani ciwo da ya wuce na kwantena ba. Ashe mayen jirgin ƙasa ne. Ranar da ya ji tsohon da ke gidana direban jirgi ne, ya zo gaishe shi da dabino, ya durƙusa har ƙasa, sannan ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu. Lambobin jiragen metro ne a jere, kowace da ranar da ya gan ta da tashar.

"Baba direba, mu ƙasarmu ba mu da jirgi," ya ce. "Ina saurayi na tahi Kano na ga guda a la gare, tashar jirgi ke nan, walla tun ran nan ban warke ba."

Baba ya karɓi littafin ya yi ta dubawa, ya ce aikin ya yi kyau amma an jera shi kamar kayan gwanjo. Ya sa aka sayo sabo, ya ja layi da kansa, gidan hamsin a shafi ɗaya daga sifiri ɗaya zuwa ƙasa, kowane da gurbinsa ko an gan shi ko ba a gan shi ba. A lokacin wasu sababbin jirage sun fara bayyana, Alhaji ya ce lambarsu da hamsin da ɗaya take farawa, fitilunsu ma daban. Baba ya ba su nasu shafin, ya ce baƙi ne, a bari a ga halinsu tukuna.

Haka suka ɗinke. Kullum bayan la'asar Alhaji zai bar shago a hannun abokin cinikinsa, ya zo ya ɗauki Baba su tafi tashar, su zauna a benci na can ƙarshe, ta ɓangaren ramin. Jirgi ya fito daga rami, Baba ya karanto lamba, Alhaji ya rubuta. Ba su kaɗai ba ne ma. Akwai wani tsoho ɗan Kerala da ke zuwa ranar Asabar da nasa littafin, ba ya jin Hausa, su ba sa jin yarensa, sai dai su nuna wa juna shafi su gyaɗa kai. Ni abin ya dame ni ta wani wajen. Ƙasar mutane ce, kamara ko'ina, ga tsofaffi baƙar fata biyu suna rubuta lambobin jirgi kullum. Na ce wa Alhaji in aka tambaye su me za su ce? Ya yi dariya, ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini saboda aikin asibiti, ya ce, "Likita, kai dai tsoro gare ka. Ma'aikatan duk sun san mu, cewa suke ga shuwagabannin tasha nan sun zo." Na ƙyale su, don na lura ranar da Baba ya je tasha ya fi cin abinci.

Wani abu kuma ya dawo masa wanda na manta yana yi. Bayan sallar asuba, in ya gama lazimi, sai ya shiga jero injunan gidan sha bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowane da halinsa. Sifiri ɗaya mai cin mai. Sifiri huɗu mai taurin birki, shi ya kusa kashe su a gangaren Kafanchan. Sifiri bakwai ba ya son damina. Ni ina falo a kan katifa, ina jin sa ta ƙofa. In ya zo kan sifiri tara sai ya ɗan tsaya ya ce, "Wannan ba ya ba da kunya," ya wuce. Ina da shekara kusan arba'in, da 'ya'ya uku, amma sai in tsinci kaina na riƙe numfashi ina jiran wannan magana. Baba bai taɓa yabona a gabana ba, ko da na ci jarrabawa, ko da na gina masa ɗaki. Ashe ta nan yabon yake bi, ni ne ban sani ba.

Wata na biyu abubuwa suka fara zamewa. Ya fara kiran Alhaji fayaman, wato mai zuba kwal, yana yi masa faɗa wai ya bar wuta ta yi sanyi, Alhaji kuwa sai ya ce, "Tuba nike, shef," wato oga a Faransancinsu, su ci gaba. Wata rana na same shi a banɗaki ya buɗe famfo yana kallon ruwan, ya ce yana jiran tanki ya cika. Maganin da likita ta ba shi bai hana komai ba, ta kuma riga ta gaya mini ba zai hana ba. Shafin gidan hamsin kuwa yana ta cika, gurbi bayan gurbi, sai guda ɗaya da ya ƙi. 5009 bai taɓa fitowa daga ramin nan ba. Alhaji ya ce wataƙila yana ɗaya layin, ko yana garejin gyara. Har ya ɓata yini guda a wata tashar yana nema, ya dawo hannu rabbana. Baba ya sa yatsa a kan gurbin da ba kowa ya ce, "Na tara ba ya ɓata haka kawai. Wani abu ya same shi."

Ban ji daɗin maganar ba ko kaɗan. Na ce masa, Baba, ƙarfe ne fa, ba mutum ba. Ya dube ni wani irin kallo mai tsawo, wanda bai saba yi mini ba, don shi ba ya haɗa ido da ni. Sai ya kawar da kai ya ce in miƙo masa butar alwala, bai kira ni da komai ba.

Washegari da asuba ina kwance ina saurare. Sifiri bakwai ba ya son damina. Sifiri takwas mai hayaƙi. Sai shiru. Na ji ƙarar carbi, na ji motar shara a ƙasa, na ji ya yi gyaran murya. Sannan ya ce, "Goma," ya ci gaba abinsa har ƙarshe. Na tashi zaune. Da na kai masa shayi na ce, kamar da wasa, Baba yau ka tsallake ɗaya. Ya ce bai tsallake ba, wancan ba ya nan, an tura shi wata ƙasa, ba a dawo da shi ba. Na tsaya da tire a hannu. Na so in ce ga ni nan, amma kunyar da ya koya mini ta riƙe mini baki, ni ma ban iya irin wannan magana da shi ba.

Kwana tara ya yi bai kira ni ba. Na ƙirga. Yana karɓar abinci daga hannuna, yana cewa an gode, yana bina sallah. Na ɓoye carbin, ya nema da kansa har ya gaji ya haƙura. Na gaya wa kaina ai bai taɓa zama mai yawan kira ba, kuma sabon wuri ne, ga sanyi. Ruwa dai ba ya tsami banza, na san haka, amma na zaɓi in yi kamar ban sani ba. Ƙanwata in ta kira sai in ce da sauƙi.

Ranar Asabar ba ni da aiki, na bi su tashar. Bayan la'asar ne, rana ta yi laushi, mutane ba su cika ba. Suka zauna a bencinsu, ɗan Kerala yana gefe. Waya ta shigo, ƙanwata ce, tana so ta san ranar da zan dawo da shi tunda bizar ta kusa ƙarewa. Na matsa gefe na juya musu baya. Magana ta kai mu ga gardama, ta ce na ɗauke shi na kai shi inda bai san kowa ba, na ce da ya zauna a hannunta ai a Loko aka tsince shi. Ina cikin wannan baƙar maganar, wadda har yau nake nadamarta, sai na ji Alhaji ya daka ihu.

"Voilà! Baba direba, ga shi! Sifiri tara!"

Na juyo. Jirgin ba daga rami ya fito ba, daga ɗaya ɓangaren ya taho, mai shiga ramin ne, kuma a gefenmu ya tsaya. Alhaji ya sunkuya a kan littafi yana rubutu, ɗan Kerala yana leƙa kafaɗarsa. Wurin da Baba yake a benci ba kowa. Na hango farar hularsa a cikin taragon gaba, yana ratsa mutane a hankali zuwa gilashin gaba. Mutumin da ya yi wata biyu yana cewa ba a shiga abin da ba shi da kai. Na ruga, na yi kira, ƙofar gilashi ta rufe a gabana, ta ciki ma ta rufe. Na doki gilashin da tafin hannu. Ba direban da zai waiwaya ya gan ni. Jirgin ya zame ba ƙara, ya gangara, ramin ya haɗiye shi.

Ban san yadda na sauka matakala ba. Ma'aikacin da ke wajen shiga, wani saurayi ɗan Filifin, ya ce in kwantar da hankali, wane jirgi ne, don suna wucewa kowane 'yan mintoci. Na ji bakina ya ce hamsin sifiri tara, taragon gaba, ya nufi Deira. Ya dube ni da mamaki, ya ɗauki rediyonsa ya yi magana. Alhaji ya iso yana haki, littafin a hannu, yana ta cewa, "Laihina ne, Likita, laihina ne." Ni kuwa na san ba laifinsa ba ne. Muka tsaya muna kallon rediyon nan. Na yi ta tuna cewa Baba ba shi da waya, ba shi da takarda a aljihu, bai san sunan unguwarmu ba, kuma in aka tambaye shi wa ya kawo shi ƙasar nan ban san me zai ce ba.

Bayan kamar minti goma rediyon ya yi magana. An same shi, an sauke shi a tasha ta biyu, a tsallaken ruwa. Muka shiga jirgi na gaba. Ni ma ranar na tsaya a gilashin gaba, ina kallon duhun ramin yana tahowa, fitilu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ba kowa a inda ya kamata mutum ya zauna.

A wani ɗan ofis muka same shi, a kan kujera, an ba shi ruwa a kofin takarda. Wata ma'aikaciya ta ce a tsaye ta gan shi a gaba, hannunsa na dama a miƙe kamar ya riƙe wani abu, yana ja baya a hankali duk lokacin da jirgin zai tsaya. Ta ce bai yi gardama ba, sai dai ya tambaye ta da Turanci wa zai karɓe shi aiki. Lafiyarsa ƙalau, hularsa ma ba ta karkace ba. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, sannu."

Ya dube ni sosai, ido cikin ido, da fara'a irin wadda yake yi wa baƙi.

"Yauwa, samari. Bahaushe ne kai? Alhamdulillahi." Ya kama hannuna da hannu biyu. "Don Allah taimaka mini. Ɗana nake nema, a garin nan yake aiki, a asibiti. Na ga injinsa na shiga, ban same shi a ciki ba. Yaron kirki ne, ba ya ba da kunya. Wataƙila ka san shi."

Sai ya faɗi sunana. Sunana na yanka, cikakke, wanda aka raɗa mini ranar suna, ya fito daga bakinsa a sauƙaƙe kamar sunan kowa. Ban taɓa jin yadda yake a muryarsa ba. Tun ina yaro nake so in ji, har na taɓa yin kuka a kan haka a bayan kwatas, ina ganin ƙannena kowa ana kiransa da nasa. Ga shi na ji, a ofishin tasha a ƙarƙashin ƙasa, kuma da za a ba ni zaɓi da na zauna Sifiri har ƙarshen raina. Alhaji ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna motsi.

Baba yana riƙe da hannuna yana jiran amsa.

"Na san shi, Baba," na ce. "Tashi mu je, zan kai ka wurinsa."